TAURARI, ALƘIBLA DA HUKUNCIN MAI KETA SAHARA DA DARE

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci dare da rana, ya ƙawata sama da taurari. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi tafiya ne zuwa arewa, watau ƙetare iyakar ƙasa da shiga Sahara. Tun zamanin da, mutanen ƙasar Hausa ba su yanke zirga-zirga da Damagaram da Abzin ba, daga fatake masu neman gishiri da dabino, sai dillalan dabbobi, sai almajirai masu neman ilmi. A wannan zamani kuwa wata manufa ta ƙaru, domin a ƙasashe da dama akwai masu barin hasken gari su nufi duhun hamada don su ɗauki hoton taurari, sha'awar nan kuma ta fara kama matasan ƙasar nan. Saboda haka ya kamata a san abin da Shari'a ta tanada wa mai irin wannan tafiya tun bai ɗaura kaya ba.

Don a sauƙaƙa bayani, a ƙaddara wasu samari uku ne suka tashi daga Gwaram a mota, suka biyo ta Birnin Kudu da Dutse da Gumel, suka tsallaka iyaka a Maigatari, suka shiga Damagaram, sa'an nan suka bi ta Tanut har Agadas, suna ɗauke da kyamara. Mas'alolin da za su tarar a hanya su ne za a bi ɗaya bayan ɗaya.

NIYYAR TAFIYA

Abu na farko shi ne niyya, domin a kanta ne rangwamen tafiya ya dogara. A Mazhabar Maliki, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, ƙasaru sunna ce ga matafiyin da bai fita don saɓon Allah ba, bai kuma fita don wasa tsantsa ba. Wanda ya fita don fashi ko fasa-ƙwauri na abin da aka haramta, ba shi da rabo a wannan rangwame. Wanda kuma ya fita don holewa kawai, malamai sun karhanta masa yin ƙasaru. Amma wanda ya fita neman halali, ko neman ilmi, ko don ya dubi halittar Allah ya wa'aztu, to tafiyarsa halattacciya ce. Alƙur'ani mai girma ya yi umurni a wurare da dama, alal misali a Suratu Ali Imrana aya ta 137 da Suratul Ankabuti aya ta 20, da a yi tafiya a bayan ƙasa a yi nazari.

Mutumin Birnin Kudu ba sai ya yi nisa ba zai fara wannan nazari. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zane-zanen shanu waɗanda mutanen da suka yi a jikin dutse, an manta da sunayensu da harshensu, zanen nasu ne kaɗai ya saura. In ya isa duwatsun Abzin zai tarar da zanen shanu da raƙuman dawa a wuraren da yau babu ko ciyawa, abin da ke nuna cewa Sahara ta taɓa zama ƙasar kiwo da tafkuna. Wanda ya dubi wannan ya tuna cewa mulki na Allah ne shi kaɗai, tafiyarsa ba ta zama wasa ba.

ƘASARU DA HAƊA SALLA

Nisan da a ke yi wa ƙasaru shi ne baridi huɗu, watau mil 48 na lissafin malamai, wanda ya kama kimanin kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Saboda haka mai zuwa Dutse daga Birnin Kudu zai cika sallarsa, mai zuwa Kano kuwa zai yi ƙasaru, balle mai zuwa Agadas, wanda tsakanin Damagaram da Agadas kaɗai akwai kusan kilomita 450 a gabansa. Samarin nan za su fara ƙasaru da zarar sun wuce gidajen Gwaram da lambunan da ke haɗe da garin, ba sai sun kai iyaka ba. Za su mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu biyu, Magariba da Asuba kuwa suna nan yadda su ke.

In sun sauka a wani gari da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, hukuncin tafiya ya yanke, sai su cika. In sun bi limamin gari salla, sai su cika tare da shi. An kuma yi musu rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Lisha, sa'ad da tafiya ta matsa. Amma fa rangwame bai ba da damar fitar da salla daga lokacinta ɗungum ba. Wanda ya kwana yana jiran kyamara, sa'an nan barci ya kwashe shi har hantsi bai yi Asuba ba, ya sayar da abu mai tsada ya sayi mai araha.

TSALLAKA IYAKA

Iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, ta raba dangi da dangi, ta raba gona da mai ita. Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san cewa harshe ɗaya ne, alƙibla ɗaya, a ɓangarorin nan biyu. Ta fuskar ibada iyaka ba ta sāke kome, domin nisan tafiya a ke dubawa, ba tuta ba.

Amma ta fuskar mu'amala, dokar shige da fice tana kan matafiyi. Suratun Nisa'i aya ta 59 ta yi umurni da yi wa ma'abuta al'amari ɗa'a, farkon Suratul Ma'ida kuma ya yi umurni da cika alkawari, wanda ya shiga ƙasar wasu bisa izininsu kuwa ya ɗauki alkawarin kiyaye dokarsu. Dokokin nan suna sākewa. An rufe iyakar daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sāke rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023, har sai a watan Maris 2024 aka buɗe. Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025. Don haka kada matafiyi ya dogara da labarin bara. Ya je ofishin shige da fice ya tambayi takardun da a ke bukata, matambayi ba ya ɓata.

Abu biyu ne ya kamata a yi hattara da su a nan. Na ɗaya, cin hanci don a wuce da abin da doka ta hana, alhali hadisi ya tabbata a kan la'antar mai bayarwa da mai karɓa. Na biyu, ɗaga kyamara a shingen jami'an tsaro ko kusa da barikin soja, ko ɗaukar hoton mutane, musamman mata, ba da yardarsu ba. Kyamarar da aka ɗauko don taurari kada ta zama abin leƙen asirin bayin Allah.

RUWA, AYARI DA JAGORA

Sahara ba ta san wargi ba. A ƙarshen watan Oktoba 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, akasarinsu mutanen yankin Kance ta jihar Damagaram. Motocinsu biyu ne suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Allah ya ji ƙansu da rahama. Suratul Baƙara aya ta 195 ta hana mutum jefa kansa ga halaka, saboda haka shiga hamada ba tare da isasshen ruwa da mai, da mota mai lafiya, da izinin hukuma, da sanin halin tsaron hanya ba, ba tawakkali ba ne, ganganci ne.

Sunna ta hana mutum tafiya shi kaɗai da dare, ta kuma yi umurni ga mutum uku in sun fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Ibn Baɗuɗa, wanda ya keta Sahara daga Sijilmasa zuwa Walata a 1352, ya ba da labarin wani abokin tafiyarsu, Ibn Ziri, wanda ya yi faɗa da ɗan uwansa, ya yi fushi ya tsaya a bayan ayari, ba a sāke ganinsa ba. Ya kuma ce jagoran da ya kai su yana da ido ɗaya makaho, ɗayan kuma da ciwo, amma babu wanda ya kai shi sanin hanya. Darasin a fili ya ke: a ɗauki jagora ɗan ƙasa, a bi maganarsa, kada a rabu da jama'a. Haka nan an hana sauka a kan hanya da dare, sai a kauce gefe, wannan kuwa ya fi ƙarfi a zamanin manyan motoci.

In ruwan da ke hannu bai wuce na sha ba, Shari'a ta fifita rai a kan alwala. Wanda ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa, ko abokin tafiyarsa, ko dabbarsa, sai ya yi taimama, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Ma'ida ta shar'anta. Zai bugi rairayi ko dutse mai tsarki da tafukansa, ya shafi fuskarsa, ya sāke bugawa ya shafi hannuwansa zuwa gwiwar hannu. A Mazhabar Maliki ba a yin ta sai lokacin salla ya shiga, kuma kowace farilla da taimamarta.

NEMAN ALƘIBLA DA TAURARI

A cikin Suratul An'ami aya ta 97, da Suratun Nahli aya ta 16, Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci taurari a matsayin abin da bayinsa ke gane hanya da shi a duhun tudu da teku. Buhari ya kawo bayanin Ƙatada, ɗaya daga manyan Tabi'ai, cewa an halicci taurari don abu uku, ado ga sama, da jifar shaiɗanu, da alamomin gane hanya. Marubucin Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya halatta nazarin taurari gwargwadon abin da za a gane alƙibla da sassan dare da shi. Wannan ilmi bai mutu ba don wayar hannu ta zo, domin waya tana iya ƙarewa da caji, kamfas ɗin da ke cikinta kuma ƙarfen mota yana iya karkatar da shi.

Babban abin dogaro shi ne tauraron arewa, wanda Larabawa ke kira Jadyu. Shi ba ya fitowa ba ya faɗuwa, kusan a wuri guda ya ke tsaye dare duka, sauran taurari suna kewaya shi. Ba shi da haske ƙwarai, saboda haka da wasu taurari a ke nemo shi. Akwai taurari bakwai masu kama da ludayi, Larabawa suna ce musu Banatu Na'ash, Abzinawa kuma suna kwatanta su da taguwa. In aka ja layi ta kan biyun da ke bakin ludayin, aka miƙa shi ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, a kan Jadyu zai sauka. Tsayin wannan tauraro daga ƙasa daidai ya ke da nisan wurin daga tsakiyar duniya: a Birnin Kudu da Gwaram digiri 11 ne da ɗoriya, a Damagaram kusan 14, a Agadas 17. Ke nan matafiyi zai ga yana ƙara ɗagowa kowane dare muddin yana nufar arewa. Da ya ke yana ƙasa-ƙasa, hazon hunturu kan rufe shi.

In ya ɓoye, akwai wata alama. Taurari uku da ke jere a ƙugun Jauza'u, wanda Abzinawa ke kira Amanar, watau jagora, suna fitowa daga gabas sosai, su faɗi yamma sosai. A watan Disamba a kan gan su suna tasowa bayan Magariba, Kaza da 'ya'yanta, watau Surayya, tana sama da su.

Alƙiblar Birnin Kudu da Gwaram ba gabas tsantsa ba ce. Tana kimanin digiri 67 daga arewa zuwa gabas, ta Agadas kuwa kimanin 76. Yadda za a yi shi ne, mutum ya tsaya Jadyu yana daidai kafaɗarsa ta hagu, to ya fuskanci gabas ke nan, sa'an nan ya ɗan karkata hagu kamar rubu'in abin da ke tsakanin gabas da arewa in yana Birnin Kudu, ko ƙasa da haka in yana Agadas. Wanda ke nesa da Makka, sashen da Ka'aba ta ke a ke nema daga gare shi, ba daidai ginin ba. In ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya yi salla, daga baya ya gane ya kuskure, an so ya sāke matuƙar lokacinta bai fita ba.

HOTON SAMA

Ɗaukar hoton taurari ba ya cikin abin da malamai suka yi saɓani a kansa game da surar mai rai. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tun a shekarar 964 Abdurrahman Assufi ya wallafa littafinsa na siffofin taurari, a ciki ya ambaci wani ɗan gajimare a sama, wanda yau aka san tarin taurari ne da haskensa ke shafe shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso duniya. Har yanzu taurari da yawa suna amsa sunayen Larabci a bakin masanan duniya, irin su Aldabaran.

Mai ɗaukar hoton yana neman daren da babu wata, watau ƙarshen wata ko farkonsa. Ya kan kafa kyamara a kan abin ɗorawa mai ƙafa uku, ya bar idonta a buɗe sakan 15 zuwa 25 don ta tara hasken da idon mutum ba ya iya tarawa. A nan ne farin hazon nan da ya ratsa sama kamar hanya, wanda Larabawa ke kira Majarra, ke bayyana cewa taurari ne birjik. In ya bar ta awa guda tana duban arewa, zai ga kowane tauraro ya ja baka mai digiri 15 kewaye da Jadyu, saboda juyawar duniya. Shi'ira, tauraron da aka ambata a Suratun Najmi aya ta 49, wanda ya fi kowane tauraro na tsaye haske da dare, haskensa na tafiyar shekara takwas da rabi kafin ya iso, alhali na rana minti takwas ya ke yi. Wanda ya san wannan bai yi tasbihi ba, zuciyarsa na bukatar magani.

A duhun hamada akwai wani abin da mazaunin birni bai saba gani ba, shi ne alfijir na ƙarya. Wani haske ne da ke miƙewa tsaye daga gabas kafin asuba, malaman fiƙihu suna kwatanta shi da wutsiyar kyarkeci, masana kimiyya kuma sun gano hasken rana ne a kan ƙurar da ke sararin samaniya. Kyamara tana kama shi sarai. Ba ya halatta sallar Asuba, ba ya hana mai azumi sahur. Alfijir na gaskiya shi ne wanda ke shimfiɗuwa a gicciye a gindin sama yana ƙaruwa. Haka nan kada a dogara da Gamzaki wajen sanin lokaci, domin shi ne Zuhura, wadda ke yin kimanin wata tara tana fitowa da asuba, sa'an nan ta koma yamma a riƙa ce mata Zara.

Sai batun jinjirin wata. Na'ura na iya kama abin da ido ba zai taɓa gani ba. A ran 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault ya ɗauki hoton wata da rana tsaka, a daidai lokacin haihuwarsa. Ga kuma tsofaffin hotuna da a ke yaɗawa a WhatsApp duk daren 29. Saboda haka hoto ba ya zama hujjar ɗaukar azumi ko ajiye shi ga jama'a. Wanda ya ga wata ya kai shaidarsa ga hakimi ko sarkin yankinsa, a isar ga kwamitin duban wata, a saurari sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. In kuwa watan ya tarar da matafiyi a Nijar, sai ya bi sanarwar hukumar ƙasar da ya ke ciki.

INDA HALAL TA TSAYA

Manoman ƙasar Hausa sun saba jin malamai suna lissafin taurarin damina, irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha. Waɗannan suna cikin masaukai 28, kowane da kwana 13, ɗaya da 14, jimla 365. Yin amfani da su don sanin lokacin shuka da girbi babu laifi, kalanda ce kawai. Laifin shi ne a ɗauka tauraron ne ke saukar da ruwa. A Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, Zaidu ɗan Halid Aljuhani ya ruwaito cewa bayan wani ruwa da aka yi da dare a Hudaibiyya, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah shi ne mumini, wanda ya jingina shi ga tauraro kuwa ya kafirce wa Ubangijinsa. Ran da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, nan take ya gyara musu, ya nuna rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko haihuwarsa. Daga nan a ke gane ɓatar mai duba tauraro don ya faɗi sa'ar aure ko ta tafiya, ko a zaure ya ke zaune da faifan ƙasa, ko a shafin intanet.

To, in samarin nan na Gwaram sun kyautata niyya, sun kiyaye salla a kan lokacinta, sun bi ƙofar doka a Maigatari, sun riƙe jagora da guzurin ruwa, za su komo gida da abin da ya fi hoto. Ya kamata kuma malaman Islamiyya a Birnin Kudu da Gwaram da kewaye su riƙa fita da ɗalibansu bayan Lisha, a daren da sama ta washe, su nuna musu Jadyu da Surayya da inda alƙibla ta ke, domin gani ya kori ji, kuma ba a bukatar sisin kwabo kafin a yi wannan darasi.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya kiyaye matafiya a tudu da ruwa da sama, ya mai da kowa ga iyalinsa lafiya, ya ji ƙan waɗanda hamada ta riƙe. Amin.